Tsohuwar bindigar gado da tsatsa ta ci: a gyara, a adana, ko a miƙa wa hukuma?

Yawanci ranar da ake kwashe kayan ɗakin tsoho bayan rasuwa ake cin karo da ita, ko ranar da za a rushe tsohon soro a yi ginin bulo. Ga ta nan a soke a jikin azara, ko a naɗe cikin buhun algarara a bayan akwati. Bakinta ya yi ja wur da tsatsa, gara ta lashi ƙota, kunama ta ƙi motsi. Nan take sai gida ya rabu biyu: wasu su ce a kai wa 'yan gwangwan su auna, wasu su ce a kai wa maƙeri ya mayar da ita sabuwa fil.

Ban goyi bayan ko ɗaya ba. A gidan maharba na tashi, kuma abin da na gani shi ne kusan kowace tsohuwar bindiga ta cancanci a tsayar mata da tsatsa a adana ta, kaɗan ne ƙwarai suka cancanci a sake sa musu albarushi, wasu kuwa bai kamata su ƙara kwana a gidanka ba. Aikin duka shi ne ka gane a wane rukuni taka take, kuma akwai abin da ake fara dubawa kafin wani.

Na farko: ka ɗauka a ɗure take

Maharbi ba ya rataye bindiga fanko. Ya dawo daga daji bai yi harbi ba, sai ya cire hular da ke kan nonon, wato ɗan murfin da ke tada wuta idan kunama ta dake shi, ya rataye ta da ɗurinta. Idan ajali ya riske shi a haka, ɗurin yana nan. Baƙin albarushi kuwa ba ya tsufa kamar yadda mutane ke zato: in dai bai jiƙe ba, yana iya tashi bayan shekaru masu yawa. Saboda haka a fitar da yara daga ɗakin, a juya bakinta wajen bangon ƙasa mai kauri, kada kowa ya taɓa kunama, kada kowa ya leƙa bakinta.

In irin wadda ake ɗurawa ta baki ce, wato adaka ko baushe, ga yadda ake ganewa. Ka samo siririyar sanda ta itace wadda ta fi bututun tsawo. Ka zura ta a hankali, kanka da jikinka suna gefe, har ta tsaya. Ka yi mata alama daidai bakin bindiga, ka zaro ta, ka shimfiɗa ta a bayan bututun daga waje, alamar tana daidai baki. In ƙarshen sandar ya kai wajen ƙaramar ƙofar da wuta ke shiga, babu komai a ciki. In bai kai can ba, ka ɗauka akwai abu. Yana iya zama ginin zanzaro, domin ba abin da zanzaro ke so kamar bakin bindigar da aka manta da ita, yana kuma iya zama albarushi da harsashi. Kai dai ka ɗauke shi a na biyun.

In irin wadda ake karyawa ce ko mai sakata, a buɗe a duba gidan harsashi. In tsatsa ta hana ta buɗuwa, kada a buga da guduma.

Abu biyu ne ke kashe mutane a wannan mataki. Ɗaya, a ce bari a harba ta a huta. Biyu, a kai wa mai walda ko maƙeri ya gasa ta don kusoshi su saki. Bindigar da ba a tabbatar fanko ce ba, ba ta zuwa kusa da wuta ko da ta murhu ce. Fitar da tsohon ɗuri aikin masani ne.

Na biyu: doka, kafin ka sayi ko da kwalbar mai

A Najeriya dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko haramtattu ne ga mutum sai da izinin shugaban ƙasa: a ciki akwai bindigogin soja masu harsashin 7.62mm da 9mm da .300 da .303, da duk wata ƙaramar bindigar hannu, har da ta da can mai ƙanƙara, wato wadda ke tada wuta da ƙyastun dutse. Kashi na biyu su ne na farauta, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu da ake karyawa, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, marasa tsagar nan mai murɗawa da ake yi a cikin bututu, waɗanda kwamishinan 'yan sandan jiha ke kula da izininsu. Dokar ta kuma hana sana'ar ƙera bindiga ko gyaranta ba tare da izini ba. Nijar da Ghana da Kamaru kowacce da tata dokar, amma duk suna neman takarda.

Wannan yana nufin in abin da ka samu Lee-Enfield ce mai harsashin .303, irin wadda sojojinmu suka riƙe a yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, daga 1943 zuwa 1945, 'yan sanda kuma suka daɗe suna ratayawa, to maganar gyara ta ƙare. Tsatsa ba ta fitar da ita daga haramci, tsufa ma haka, kuma lasisin mamaci ba ya zama naka don ka gaje shi. A zamanin nan da kalmar "ɗan bindiga" ta tashi daga mai harbin hawan salla a gaban sarki ta koma sunan mai satar mutane, ba wanda zai tsaya sauraron tarihin kakanka a shingen bincike. Kada ka saka ta a mota ka ce za ka kai ofis. Ka je da ƙafarka ba tare da ita ba, ka tafi da mai unguwa ko dagaci, ka yi bayani, su faɗa maka yadda za a karɓe ta, ka kuma nemi takardar shaidar cewa ka miƙa. In kana ganin tana da tarihi, ka roƙi a sanar da ma'aikatan gidan tarihi, irin su Gidan Makama a Kano.

Sannan in gado ce, ba taka ba ce kai kaɗai. Ka sanar da sauran magada kafin ka kwance kusa ɗaya.

Na uku: ka san ko wace ce kafin ka goge komai

Ka shimfiɗa ta a kan tabarma a inuwa mai haske, ka ɗauki hotonta da waya ta kowane gefe, da kowane rubutu da tambari. Ka ɗiga ɗan kananzir a gindin bututun da kan farantin da kunama ke jiki, ka shafa da tsumma, ka haska tocila ta gefe ba ta sama ba. Hasken gefe ne ke fito da rubutun da ya dushe.

Abin da kake nema shi ne tambarin gwaji. A ƙasashen Turai irin su Ingila da Beljiyam ba a sayar da bututun bindiga sai an gwada shi da ɗurin da ya fi na yau da kullum, in ya jure a buga masa tambari. Haruffan E, L, G a cikin da'ira mai siffar ƙwai tambarin birnin Liyej ne na Beljiyam, in kuma akwai kambi a saman da'irar to daga 1893 zuwa gaba aka gwada ta. Sanduna biyu a gicciye da kambi a kai na Bamingam ne a Ingila, inda aka buɗe gidan gwajin a 1813, kuma an yi amfani da wannan tambari har 1904. Kalmar TOWER da kambi a kan faranti tana nuna samfurin sojan Ingila, sai dai 'yan kasuwa sun buga ta a kan bindigogi masu arha da yawa da aka yi don kasuwar Afirka, don haka ita kaɗai ba hujja ba ce. A Nijar da Cadi akan ga samfurin Gras na Faransa na 1874, da sunan masana'antar a rubuce a gefe.

Dalilin da ya sa masu ƙanƙara suka yi yawa a ƙasarmu har cikin ƙarni na 20 shi ne yarjejeniyar Birasels ta 1890, wadda Turawa suka hana shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka da ita, suka bar marasa tsaga masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. To in ka ga mai ƙanƙara, kada ka yanke cewa ta shekara ɗari biyu. Tana iya zama ta zamanin Turawa.

In babu tambari ko ɗaya, mai yiwuwa ƙirar maƙeran gida ce. Wannan bai rage mata daraja a matsayin kayan tarihi ba, sau da yawa ma ita ta fi ado: ƙusoshin tagulla, wuri, fatar da aka ɗinke, layu. Amma ba wanda ya taɓa gwada ƙarfin bututunta, ba kuma wanda ya san daga wane ƙarfe aka yi shi.

Na daɗe a kan wannan mataki ne domin a nan na yi asarar da har yau take min ciwo. Ina saurayi na ɗauki bindigar kakana na kai wa wani mai walda, ya bi ta da buroshin waya na inji. Ta dawo tana walƙiya kamar sabon kwano, amma rubutun da ke gindin bututun, wanda mahaifina ya ce yana ganinsa tun yana yaro, ya tafi. Ban ɗauki hoto ba. Yanzu ba wanda zai iya gaya mana inda aka ƙera ta. Garin neman gira aka rasa ido.

Na huɗu: auna ɓarnar

Tsatsa iri biyu ce a kan tsohuwar bindiga. Akwai launin ƙasa-ƙasa mai santsi da ya kwanta ya zama kamar fatar ƙarfen. Wannan shekaru ne suka yi shi, ya riga ya lafa, kuma shi ne kyan tsohon ƙarfe. A bar shi. Akwai kuma ja mai gari, mai ɓarɓashi, wadda ke shafar hannu. Ita ce mai rai, tana cin ƙarfe a yanzu haka, ita za a yaƙa.

Bayan an tabbatar fanko ce, ka duba cikin bututun da tocila. Baƙin albarushi da tsofaffin hulunan harsashi suna barin gishiri a ciki, gishirin ya jawo laima, shi ya sa sau da yawa ciki ya fi waje lalacewa. In ka ga ramuka kamar fuskar mai zanzana, musamman wajen gindi inda ƙarfin fashewa ya fi yawa, ƙarfen ya riga ya sirance a inda ba a so. Ka bi bayan bututun da yatsu daga gindi zuwa baki, idanunka a rufe. Yatsa yana jin kumburin da ido ba ya gani, kumburi kuwa alama ce an taɓa harba ta da toshiya a ciki. Ka duba inda fata ko laya ta naɗe ƙarfe, domin fata tana riƙe danshi, kuma sinadarin bagaruwar da aka jeme ta da shi yana cin ƙarfe. Nan ne ake samun rami mafi zurfi.

In mai baki biyu ce, ka cire bututun ka rataye su da zare, ka ɗan ƙwanƙwasa da itace. Amo mai tsawo yana nuna haɗin da ke tsakaninsu yana nan daram. In ka ji "ƙwas" kamar fasasshiyar ƙwarya, haɗin ya saki kuma tsatsa ta shiga tsakani. In kuma ka ga zane mai murɗawa a jikin ƙarfen kamar igiya, tsohon samfuri ne da aka naɗe ƙarfe aka haɗe shi da wuta. Tsatsa tana bin layin haɗin ta ciki inda ba a gani, kuma ba a yi shi don harsashin zamani ba.

Ƙota: ka danna da farce. In ta nutse, ko ka ga ƙananan huji da gari yana zuba, ƙwaro yana ciki. Ka fi mai da hankali ga wuyanta, siririn wurin da hannu ke kamawa, nan take tsagewa.

Hukunci

In lissafin kuɗi kake yi, amsar ita ce a'a kusan kullum. Ba a sayar da bindiga a kasuwa kamar keke, kuma kuɗin gyaran mai baki ɗaya da ta ruɓe a hannun mai izini yakan wuce darajarta.

In so kake a sake harbi da ita, sai ta cika sharuɗɗa huɗu gaba ɗaya: doka ta yarda ka riƙe ta kuma kana da lasisi da sunanka, tana da tambarin gwaji, babu rami mai zurfi ko kumburi ko tsaga, kuma mai gyara da ke da izini ya duba ya amince. In ɗaya ya faɗi, ta gama aiki. Har harbin biki da ake yi da albarushi zalla ba harsashi yana fasa ruɓaɓɓen bututu, hannun hagu kuma shi ke riƙe da wurin.

In kuwa don ta kaka ce, don a nuna wa jikoki, to ta cancanci wahalar ko da bututun ya huje. Ga yadda ake yi.

Ƙarfe

Kayan aiki kaɗan ne: kananzir, man keken ɗinki, tsummokaran auduga, tsohon buroshin haƙori, guntun tagulla mai faɗin baki, soson ƙarfe mafi laushi mai lamba 0000 da ake samu wajen masu kayan kafinta, da sukundireba wanda bakinsa ya cika tsagar kusa daidai. Soson wanke tukunya ya yi kaushi, ba shi ake nufi ba.

Ka ɗiga kananzir a kan kowace kusa, ka bar ta kwana uku, kana ƙarawa safe da yamma. Haƙuri ne ke kwance tsohuwar kusa. Wadda ta ƙi bayan mako guda, a bar ta a wurinta, a yi aiki a kewayenta. Ka raba ƙarfe da itace kawai, kana ɗaukar hoto a kowane mataki, kana zuba ƙananan kaya a kwano ɗaya. Kada ka kwance toshiyar gindin bututu, kada ka taɓa sifirin ɗin da ke sa kunama ta daka, kada ka goge haƙoran kunama. Wannan ya shiga gyara, ba naka ba ne.

In tsatsar ba ta yi kauri ba, ka jiƙa ƙarfen da kananzir ya kwana. Da safe ka kankare ɓawon da guntun tagulla. Tagulla tana ɗaga ɓawon tsatsa amma ba ta kai ƙarfen bindiga tauri ba, shi ya sa take ɗauke ɗaya ta bar ɗaya. Ɗan launin rawaya da take bari yana fita da mai. Sai ka bi da soso mai laushi da mai, a hankali, kana gogewa da tsumma kana dubawa. Da ka ga ja ya tafi, baƙi ko ƙasa-ƙasa ya bayyana, ka tsaya. Ba fari ake nema ba.

In tsatsar ta rufe ko'ina, akwai hanyar da ta fi wannan, kuma ita ce nake so. A wanke maiƙon ƙarfen tas da ruwan zafi da sabulu, a sa mai walda ya yi dogon komin ƙarfe da bututun zai kwanta a ciki, a zuba ruwa mai tsabta, in da hali ruwan sama, a tafasa ƙarfen kamar minti 30 zuwa 45. Tafasa tana juya jar tsatsa ta koma baƙa, baƙar kuwa ba ta cin ƙarfe, ita ce ma irin baƙin da masu ƙera bindiga na da suke yi wa bututu da gangan. Ka tsamo shi, zafinsa zai busar da shi nan da nan. Za ka ga baƙin gari kamar toka a kai, ka goge da busasshen soso mai laushi. In akwai sauran ja, a maimaita sau biyu ko uku. Daga nan a jiƙa shi da kananzir ko mai ya kwana. Ina ƙara faɗa: wannan sai bayan an tabbatar babu komai a cikin bututun, an kuma raba shi da itace da fata.

Abubuwan da ba a kusantar da su: samfefa, giranda, buroshin waya na inji, ruwan batir, ruwan tsami ko lemon tsami, da fenti. Masu tsami suna cinye tsatsa, gaskiya ne, amma suna tafiya da tsohon launin gaba ɗaya, su bar ƙarfe fari tas mai saurin sake yin tsatsa. Baƙin mai na mota shi ma a bar shi, datti ne da guba, kuma yana ruɓar da itace.

Cikin bututu: tsumma a bakin sanda, da kananzir, a yi ta canzawa har ya daina fitowa ja, sannan tsumma mai ɗan mai.

Ƙota

Ka share ta da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, ta bushe a inuwa. Rana da iskar hunturu suna tsaga tsohon itace. Kada ka kankare ta: duhun da ke wuyanta zufar hannun mai ita ce, tabon da ke gindinta kuma tafiyar daji ce. In ƙwaro yana ciki, a sa maganin ƙwarin katako da sirinji cikin hujin, a naɗe ta a leda mako biyu. Tsaga ana buɗa ta kaɗan, a tura gam ɗin kafinta, a ɗaure da robar tayar keke ta kwana. Sai a shafa man linsid da masu fenti ke sayarwa, ɗigo kaɗan a tafin hannu, a murza, a goge ragowar, a bar kwana biyu kafin a ƙara. Tsumman da ya sha wannan mai yana iya kamawa da wuta da kansa in aka dunƙule shi, don haka a shanya shi a buɗe ko a jefa cikin ruwa. Banish mai ƙyalli ba na tsohuwar ƙota ba ne.

Layu da fatar da ka cire don ka kai ga ƙarfe, kada ka zubar, kada ka farke. Ka mayar da su bayan ka shafe ƙarfen da ke ƙarƙashinsu da kaki.

Ajiya

Ka goge ragowar man, ka shafa siririn kakin zuma a ƙarfe da itace, ka murza da tsumma. Kaki ya fi mai daɗewa kuma ba ya kama ƙura. Ka ajiye ta a kwance a kan maratayi biyu, cikin akwati ko kabad mai kwaɗo, nesa da ƙasa, nesa da bangon da ke tsattsafo, inda yaro ko baƙo ba zai kai gare ta ba. Kada a naɗe ta a leda ko buhu ko fata. Ka toshe bakin da ɗan tsumma mai maiƙo saboda zanzaro. Ka duba ta sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta, domin a watannin Yuli da Agusta tsatsa ke dawowa.

Saura abu ɗaya, kuma ka yi shi a makon nan tun tsofaffin gida suna raye. Ka zauna da gwaggo ko baffan da ya san mai ita, ka tambaya: a ina ya samo ta, wane daji ya shiga da ita, wa ya ɗinka mata fatar, yaushe aka yi mata harbin ƙarshe. Ka rubuta a takarda da sunansa da garinsu da ranar da ka rubuta, ka haɗa da hotunan tambarin da kwafin takardar izini, ka saka a ambulan a cikin akwatin da take.